Likita ta ce ciwon damuwa ne, Hajiya ta ce damuwa ba ciwo ba ce

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, 'ya'yana uku, ƙaramar watanta bakwai. Tun da na dawo daga wanka jikina ya ƙi daɗi. Ƙarfe biyu ko uku na dare zan farka, shi ke nan ni da barci sai wata ranar. Abinci tura shi kawai nake yi saboda nono. Kaina kamar an ɗora mini dutse, ga kuka haka kawai ba wanda ya taɓa ni. Ɗinkin da nake yi na ajiye, keken ma ba na son ganinsa. Sau uku ana ba ni maganin maleriya da taifod. Daga ƙarshe wata likita ta zauna ta yi mini tambayoyi, ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta magani, ta ce in dawo bayan mako biyu, in babu sauƙi za ta tura ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Da na gaya wa maigidana sai ransa ya ɓaci, ya ce me ya rage ni da shi da zan je in gaya wa duniya ina da damuwa a gidansa. Hajiyarsa kuma ta ce damuwa ba ciwo ba ce, wa ke da rai ba shi da ita, ita tara ta haifa ba ta taɓa shan ƙwaya don damuwa ba, in riƙe azkar in gode wa Allah. Yau kwana goma ina shan maganin a ɓoye, ban ga canji ba. Wani lokaci sai in ji da ma in kwanta kada in tashi. Anti, shin damuwa ciwo ce, ko imanina ne ya yi rauni? In daina maganin?

Baiwar Allah, Rigasa, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki. Da gangan na fara da wannan gaisuwa, don na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda wani ya yi miki ita ba.

Kada ki daina maganin. Zan zo kan dalili. Amma akwai abin da kika faɗa a gurguje kamar ba komai ba, wato da ma ki kwanta kada ki tashi, kuma shi ba zai jira cikar mako biyu ba. Ki koma wurin likitar nan, gobe ma in da hali, ki faɗa mata shi da bakinki yadda kika rubuto mini. Ba za ta zare miki ido ba, ba za ta ce kin yi saɓo ba. Wannan tunani yana cikin alamomin larurar kamar yadda rawar ɗari take cikin alamomin zazzaɓi, kuma sanin yana nan kan canza yadda likita za ta kula da ke. In kuwa ya wuce "da ma" ya koma shiri, ko kika fara jin tsoron kanki a kan jaririyar, to ko tsakar dare ne ki tashi wani babba a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Kafin nan ki sami mutum ɗaya da kika yarda da shi, mahaifiyarki ko yayarki, ki gaya masa, kuma a ɗauke duk wani maganin ƙwari ko tarin ƙwayoyi daga inda hannunki zai kai cikin dare.

To, mu zo ga rigimar gidanku. Ku huɗu ne, ke da likita da maigida da Hajiya, kun riƙe kalma guda, kowa da abin da kunnensa ya ji.

Ki saurari yadda muke kashe kalmar nan daga safe zuwa dare. Mai Napep ya ce ba shi da canjin hamsin, ki ce ba damuwa. Maƙwabciya ta shigo ta zauna bakin gado tana murza zoben hannunta, ta ce wata 'yar damuwa ce ta kawo ta, tun ba ta ƙarasa ba kin san rance ne. Yaro ya dame ki da kuka. Budurwa ta kumbura fuska wai saurayi bai damu da ita ba, kin ga a nan damuwa ta zama so da kulawa, rashinta ne ma abin kuka. Mutum biyu suna cacar baki a Kasuwar Barci, ɗaya ya ce meye damuwarka, wato ina ruwanka. Kalmar da ta ɗauki canjin hamsin da rance da soyayya da tsiwa, ita ce kuma aka ɗora wa ciwon da ya hana ki barci wata biyar. Da Hajiya ta ji "damuwa", ta canjin hamsin da ta rance ta ji, kuma a kan waɗannan gaskiyarta ne, ba a shan ƙwaya dominsu.

Asalin kalmar daga dama ne, damun fura da kunu. Ƙullu yana kwance a gindin ƙwarya, ruwa ya tsaya garau a sama, sai a sa ludayi a juya, na ƙasa ya taso, komai ya gauraye. Sai mu ce kunu ya damu. Haka mutum ma ya damu, an motsa abin da ke kwance a ransa. Ki duba ma yadda muke cewa hankali ya tashi, hankali ya kwanta, sai ka ce ƙullun muke nufi. Damuwar yau da kullum tana da ludayinta, kuɗin haya ne, ko kuɗin makaranta, ko zazzaɓin yaro. Ranar da aka biya, ko yaron ya miƙe, an cire ludayi, ruwa ya kwanta. Abin da likita ta gani a tare da ke shi ne ƙwaryar da aka cire wa ludayi amma ta ci gaba da juyawa, ko ma wadda ba a ga wanda ya sa mata ludayin ba. Kin faɗa da kanki, kuka haka kawai ba wanda ya taɓa ki.

Akwai kuma wata fuskar kalmar da Hajiya ta manta, alhali tana amfani da ita duk ranar da ta je ganin likita. Me ake fara tambayarta in ta zauna? Hajiya, me ke damun ki? Sai ta ce gwiwar nan ce ke damuna, ko hawan jini ne ya dame ni kwana biyu. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san ciwo yana damun mutum, kalmar dama can ƙafarta ɗaya tana asibiti. Abin da yake sabo a kunne shi ne a ce damuwar ita kanta ce ciwon.

Ni kaina sunan bai gama kwanta mini ba, amma na auna sauran na ga kowanne da tasa matsalar. A ce ciwon baƙin ciki? A Hausa ɗan baƙin ciki mahassadi ne, sai a fara tambayar wa kike yi wa. A ce ciwon zuciya? Wannan na masu kumburin ƙafa da haki ne, kuma a bakin mata yana nufin takaicin da namiji ya ƙunsa wa mace, da maigidanki ya fi haka hawa. Cuta ma baki biyu gare ta, da wadda sauro ke kawowa da wadda mutum ke yi wa mutum, ki ce cuta a tambaye ki wa ya cuce ki. Taɓin hankali kuwa, kin san abin da wannan suna ke yi wa mace da 'ya'yanta mata ranar da aka zo binciken aure. Da ni aka tambaya da ƙunci na zaɓa, don shi ne ya fi kama da yadda masu larurar ke kwatanta ta, duniya ta tsuke, ƙirji ya cushe. To amma rediyo da asibiti sun riga sun tsaya a kan ciwon damuwa, wasu su ƙara da tsananin damuwa don a bambanta. Yaran yanzu kuma sun aro difireshan sun mai da shi abin wasa, data ta ƙare difireshan, ƙungiyarsu ta sha kashi a ƙwallo difireshan. Su ma sun taimaka wajen sa manya raina abin.

In likita ta ce ciwon damuwa, tana da ma'auni. Takan duba ko mutum ya kai aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan yini guda, cikin ƙunci ko cikin rashin sha'awar abin da da yake so. Keken ɗinkinki ke nan. Sai ta duba barci, musamman irin farkawar nan ta tsakar dare, da cin abinci, da kasala, da kasa tattara hankali, da yawan ganin laifin kai, da tunanin mutuwa. Ki ƙirga nawa kika lissafa mini ba tare da kin san lissafi kike yi ba. Mutanenmu kuma ba su cika zuwa asibiti su ce raina ne babu daɗi ba, jiki ne ke yi musu magana, kai ya yi nauyi, zafi a tsakar ka, abu na yawo a jiki. Shi ya sa ake ta zagaye a kan maleriya da taifod, ga shi gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji, in sau ɗaya aka yi shi, yakan nuna taifod ga wanda ba shi da ita. Likitar da ta ajiye takardar gwaji ta zauna ta yi miki tambayoyi ta kyauta, ki riƙe ta.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan larura, mata sun fi maza, kuma sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego tana kama su. Wato a duk gidan sunan da kika taɓa zuwa cin tuwo, ki ƙirga masu goyo goma, da wuya a rasa ɗaya mai fama da ita. Akwai ɗan kuka da sauyin rai da kan zo wa mai jego a kwanakin farko ya wuce da kansa kafin mako biyu. Naki ya daɗe da wuce wannan.

Sai maganar imani, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf, kuma shi ne dai mai "haƙuri kyakkyawa" a cikin surar. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta goma da aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. A cikin addu'o'in da ya yawaita akwai "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazani", neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, wadda ina kyautata zaton tana cikin azkar ɗin da Hajiya ke cewa ki riƙe. A hadisin Bukhari da Muslim kuma an jero wahala da ciwo da damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ke sukar mutum, a layi guda cikin abubuwan da Allah ke kankare zunubi da su. Ba a ware damuwa aka ce ita alamar raunin imani ce ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na talbina. Nana A'isha takan sa a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ki lura, abin da ake ɗorawa a murhu a zuba a ƙoƙo a sha ne aka ba mai baƙin ciki, bayan haƙurin da aka ba shi. Sannan wani malami, Abu Zaid al-Balkhi, mutumin yankin Balkh a Afghanistan ta yau, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu, da wanda aka san sanadinsa kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba sanadi ya hana shi kuzari da jin daɗin komai, ya ce na biyun tushensa a jiki yake, kuma sai an haɗa da maganin jiki. Sama da shekara dubu ke nan. Don haka in wani ya ce miki ciwon Turawa ne, ki yi murmushi kawai.

Ki riƙe azkar ɗinki, ki sha maganinki, babu kishi tsakaninsu. In kuma kin ji salla ta yi miki nauyi kwanan nan, ki tuna tuwo ma ya yi miki nauyi, keken ɗinki ma haka. Abu ɗaya ne ya danne su duka. Shi kansa zargin da kike yi wa imaninki, yana cikin aikin ciwon.

Maigidanki kuwa, ki tsaya ki ji abin da ya shiga kunnensa. A Hausa in aka ce wa namiji matarka tana da damuwa, an ce masa gidanka babu lafiya, ka gaza. Shi ya sa ya tafi kai tsaye kan ci da sha da sutura, yana kare kansa daga ƙarar da ba ki shigar ba. Kada ki ƙara ce masa "ina da damuwa". Ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki ce, Abban yara, likita ta ce larura ce da kan biyo bayan haihuwa, ita ke hana ni barci da cin abinci, kuma tana da magani. Kalmar larura tana da mutunci a wurinmu, ba ta nuna kowa da yatsa. Ki roƙi likitar ta ce a zo da shi, ki bar ta ta yi masa bayani, maza da yawa abin da suka ƙi ji a ɗaki sukan karɓe shi daga bakin mai farar riga. Shan magani a ɓoye kuma ki kawo ƙarshensa da wuri, don ranar da ya tsinci kwalin a ƙasan akwati, magana za ta koma kan ɓoyon, a manta da ciwon. Amma in akwai abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya a gidan wanda ba ki rubuto ba, duka ne, ko wulaƙanci, ko maganar kishiya, to kada bayanin nan nawa ya sa ki binne shi. Ki faɗa wa likita shi ma.

Hajiya kada ki ja da ita. Ba ki da riba a gardamar kalma da surukarki, ko kin yi nasara. Ta haifi tara, gaskiya ne, wataƙila a babban gida mai facaloli da kakanni, inda mai jego ba ta rasa wanda zai karɓi goyo ta runtsa. Ke kuma arba'in na cika aka maido ki ɗaki da yara uku, maigida ya fita tun safe. Wa ya sani ma ko a cikin taran nan akwai jegon da ta yi ta kuka a bayan ɗaki ta kira shi da wani suna? Wannan tsakanina da ke ne, kada ki faɗa mata. Ba kya buƙatar ta yarda da sunan ciwon, hannunta kike buƙata. Ki ce, Hajiya, rashin barcin nan ya dame ni, ko za a bar manyan su kwana biyu a wurinki? Tsohuwar da za ta yi musu a kan damuwa ba za ta yi musu a kan rashin barci ba, kuma da wuya ta ƙi jikokinta. In ana son a yi mata cikakken bayani, mahaifiyarki ko wata babbar 'yarta su yi, ba ke ba.

Maganin kuma, kwana goma bai isa a yanke masa hukunci ba. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ji aikinsu, kuma abin haushin shi ne 'yan matsalolinsu, kamar bushewar baki ko tashin zuciya ko jiri, su kan riga amfanin isowa. A nan mutane da yawa ke yar da shi. In sauƙi ya samu ma akan ci gaba aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, kuma a hankali ake janye shi da sanin likita, ba a yanke shi rana ɗaya. Ba dangin tiramadol ko kodin ba ne, ba ya sa maye. Ki tabbatar likitar ta san kina shayarwa, akwai waɗanda suka dace da mai goyo. Ki tambaye ta kuma ko za a duba jininki, don ƙarancin jini da matsalar halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo suna iya kawo irin wannan kasala bayan haihuwa. In akwai mai ba da shawara da ake zama da shi a tattauna, ki nema, yana daga cikin maganin.

Na san sunan Barnawa ya tsorata ki, don a garin nan da shi ake tsokanar wanda ya yi shirme, kamar yadda Kanawa ke yi da Dawanau, Sakkwatawa da Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa ne na gwamnatin tarayya, kuma da yawan masu zuwa can ganin likita kawai suke yi su karɓi magani su hau mota su koma gida, da masu farfaɗiya, da masu rashin barci, da ma'aikata da 'yan kasuwar da kike gaisawa da su ba ki sani ba. Ita kanta doka ta canza baki. Tsohuwar dokar 1958 dokar mahaukata ake kiranta, sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta. In an tura ki, ki sa hijabinki ki tsallaka gada ki je, ki tafi da yayarki ta riƙe miki jaririyar.

Abu ɗaya kuma, ranar da kika shiga wurin likita ta ce ya jiki, kada ki ce da sauƙi. Na san bakinmu ya saba, ko a gadon asibiti muke da ƙarin ruwa a hannu da sauƙi muke cewa. Ki ajiye wannan ladabin a bakin ƙofa. Ki sami 'yar takarda daga yau, ki riƙa rubuta ƙarfe nawa kika farka, me kika iya ci, sau nawa kuka ya zo, ki miƙa mata. Keken ɗinkin kuma ki yaye masa zanen da kika rufe shi da shi, ko ba za ki taka ba, in wata rana kin ji hannunki na so, ki fara da ɗinke bakin ɗankwali guda.

Ki sake rubuto mini bayan kin ga likitar. Ina son in ji abin da ta ce a kan maganar da na fara da ita, da kuma ko Abban yara ya bi ki.